Takardar da Ta Sha Mai

A Wad Madani, bayan tashar motocin Sinnar,
nan garwashina yake, shekara goma sha bakwai.
Tanimu sunana, amma garin nan Agashe yake ce mini,
har uwar 'ya'yana, in ranta ya ɓaci.

Wata Talata wani yaro a kan babur
ya miƙo mini ambulan mai launin laka.
Hannuna na cikin ƙuli da yaji,
na ce, tura ƙarƙashin faranti.
Ya ce sai na sa hannu. Na dangwala masa yatsa,
jan barkono ya zauna a littafinsa kamar hatimi.

Ba rashin karatu ba ne.
Na kai izu arba'in a Maiwurno kafin in riƙe wuƙa.
Amma mutum kan ji motsi cikin takalminsa
ya ƙi dubawa, wai kada ta tabbata kunama ce.

Ashe sun ƙiyasta rago uku nake gasawa a yini.
Rago uku!
Ni da cinya biyu ke kai ni isha'i,
ranar iska ma in koma gida da saura.
Sun ba ni kwana talatin in je in ce ba haka ba ne.
Kwanakin suka wuce ta gabana ɗaya bayan ɗaya,
suna shaƙar hayaƙi, ban ce wa kowanne sannu ba.

Ta biyu ta zo da damina. Ta uku da jan layi.
Suka kwanta tare ƙarƙashin farantin nan
suna haihuwa a duhu, irin ta ɓeraye.

Daren da takardun naɗi suka ƙare,
layi ya kai har gun Sitti Nafisa mai shayi,
Haladu yarona ya jawo abin da hannunsa ya taɓa.
Tsinke shida, albasa, ɓarin lemun tsami,
ya naɗe wa wani mai farar jallabiya da tabarau.

Bai yi taku goma ba ya dawo.
Ya ɗaga takardar ga fitila, mai ya ratsa ta,
lambobin suna ƙyalli kamar idon mage.
Ya ce, wannan sa hannun nawa ne,
kuma ba a taɓa maido mini wasiƙa da zafinta haka ba.

Aka yi dariya. Ni ma na yi, iya haƙori.

Washegari a ofishin haraji, hawa na biyu,
fanka na kwashe zafi daga wannan kusurwa zuwa waccan.
Na ce, Ustaz Muzammil, cinya biyu ce, a tambayi mahauci.
Ya ce, na yarda, da idona na ga tirenka,
sai dai ƙofar wannan magana ta rufe tun Rajab.
Wanda aka kira ya yi shiru, an rubuta ya ce to.

Ya jawo kalkuleta.
Ga uwar kuɗi, ga tara,
ga abin da kowane wata ya ɗora wa tarar a ka.
'Yar ta fi uwar tsayi.
Ya raba mini biya kashi takwas, ya ce iyakar hannunsa ke nan.

Akwai wani gwangwanin madara a bayan tempel ɗin ɗakina,
kuɗin firjin da Zulai ke jira tun haihuwar autanmu.
Na zazzage shi a kan tabarma, tana tsaye.
Ba ta ce komai ba.
Ta ɗauki randa ta sake mata wuri mai inuwa.

Yanzu in ambulan ya zo,
da wuƙar nama nake farke shi, kafin in taɓa nama.
Ustaz Muzammil kan zo duk daren Alhamis,
tsinke shida, ya biya cif, ba ya karɓar gyara.
Kafin ya kai loma baki
sai ya juya takardar naɗin, ya karanta bayanta.